Rauta Mai Ƙaho Shida

Ku da kuka cika min waya da saƙonni kuna cewa in rabu da Likita, wai namijin da zai kashe wa uban budurwarsa waya ba mijin aure ba ne, ku matso kusa, yau da ku nake. Ban ga laifinku ba fa. Ni kaina da nake jin sa har cikin raina, sai da na yi kwanaki ina kallon hotonsa ina tambayar kaina ko dai ni ce ban iya karantar mutane ba.

Ga wanda bai san mu ba, ni ce auta a gidanmu. Ina shekarar ƙarshe a jami'ar da Abbana yake koyar da tarihi, kuma a kwatas ɗin ma'aikata na cikin jami'ar muke zaune, bene ne mai hawa uku, kowane hawa gida biyu manne da juna. Likita kuwa likitan dabbobi ne, shi ya sa Gwaggona, ƙanwar Abba, ba ta kiransa da komai sai likitan awaki. Yana wata ƙasa yana ƙaro karatu, saura watanni kaɗan ya dawo. Lokacinmu da nasu ba ɗaya ba ne, don haka bayan la'asar ne kawai muke samun yin kiran bidiyo.

Da maganarmu ta yi nisa, Abba ya ce yana son ya ji daga bakinsa. Ranar ya saka farar jallabiyarsa, ya goge tabarau, na jingina masa kwamfutar hannu a jikin kwalin tishu a teburin falo, ni da Umma muka laɓe a ƙofar kicin. An gaisa lafiya lau, an tambayi karatu, an tambayi sanyin garin. Sai Abba ya gyara zama ya ce, "To, yaushe kake ganin manyanka za su zo?"

Hoton Likita ya tsaya cak. Kuma da a ce ya tsaya yana murmushi ne da sauƙi, amma sai ya tsaya baki a karkace, ido a sama, kamar wanda aka tambaya abin da ya raina. Abba ya jira, ya sake jira, can kiran ya yanke.

Na ce sabis ne. Abba ya yarda, aka sake sa rana. A karo na biyu, wallahi kamar da gangan, yana kaiwa ga wannan tambayar hoton ya sake daskarewa. Wannan karon Abba ya jawo kwamfutar ya nuna min kusurwar sama da yatsa. Sandunan waifai a cike suke fal, ko ɗaya bai ragu ba. Ya ce da wannan waifai ɗin yake yin taro da safe da mutanen da suka fi Likita nisa, bai taɓa yanke masa ba, to me ya sa sai a kan tambaya ɗaya yake yankewa?

Gwaggo ta samu abin da take so. Ta ce tun farko ita ba ta ga alamar aure a idon yaron nan ba, ga ɗan ƙawarta nan yana gari, da aikinsa da motarsa, ba sai an jingina shi a jikin kwalin tishu ba kafin a gan shi. Abba ba mai yi wa 'ya'yansa dole ba ne, amma mutum ne da ba ya ɗaukar raini ko na ƙwayar zarra. Ya kira ni ya ce ranar Asabar zai sake zama sau ɗaya. Idan aka sake yi masa haka, in faɗa wa yaron ya nemi wata, shi ba zai ƙara zama ba.

Za ku ce me ya hana mu amfani da datar waya. A benenmu sabis ɗin waya ba ya shigowa ɗaki sai ka fita bayan gida kusa da tankin ruwa, kuma ku da kanku kun san Abbana ba zai tsaya a gindin tanki yana yi wa 'yarsa maganar aure ba. Na roƙe shi a yi a ofishinsa, ya ce maganar gida a gida ake yin ta. Na ce ko a duba rautar, wato akwatin da ke raba waifai ɗin, sai ya kalle ni ta saman tabarau ya ce hujja nake nema wa saurayina. Rautar nan shi ya je ya zaɓo ta da kansa, baƙa mai ƙaho shida, wato eriya, mai shagon ya saita masa ya ba shi lambar sirrin, ya ɗora ta a kan kantar falo, ko ƙura ba a kaɗe mata sai da izininsa.

Dole in ba ku labarin yadda aka yi ƙahonnin suka kai shida. Maƙwabciyarmu ta jikin bango a laburaren jami'a take aiki, Antin Laburare muke ce mata. Da ita da Umma kamar 'yan gida ɗaya suke, kwano ya je kwano ya dawo, har makullin gidanta a wajenmu take bari. Wata rana nata waifai ɗin ya ƙare, tana da baƙi, Umma ta ba ta lambar namu. Bayan nan Anti ta sayi sabuwar rauta, mu kuma namu ya fara ja da yamma. Umma ta yanke hukunci cewa har yanzu suna shan namu a ɓoye. Maimakon ta ƙwanƙwasa ƙofa ta tambaya, sai ta sa aka canza lamba, aka kuma canza wa waifai ɗinmu suna zuwa KU JI TSORON ALLAH. Duk wanda ya buɗe wayarsa a benen sai ya karanta. Kwana biyu tsakani na Anti ya koma MU MA MUNA DA NAMU. Ta sayo mai ƙaho huɗu, Abba ya sayo mai shida, gaisuwa ta koma ɗaga kai a matakala.

Abin da ya fi ci min rai a satin shi ne Likita kansa. Mutumin da ke turo min hoton kowane ɗan maraƙi da ya karɓi haihuwarsa, sai ya koma amsa guntu-guntu. Na rubuta masa, "Abba ya ce Asabar." Ya amsa, "Allah Ya kai mu." Na rubuta, "Shi ke nan abin da za ka ce?" Sai da na ga alamar yana rubutu ya goge, yana rubutu ya goge, sannan ya turo, "Ina girmama Abba ƙwarai." Na kifa wayar a kan filo na yi kuka mai isata, don ban san me hakan yake nufi ba.

Ranar Laraba, bayan lacca, na ce ba zan zauna ina kallo ba. Na nufi ofishin intanet na jami'a, wani ɗaki mai sanyi a ƙasan ginin gudanarwa, wayoyi shuɗaye a naɗe ko'ina. Matar da na samu Injiniya kowa yake ce mata, ta ɗora rigar sanyi a kan doguwar rigarta tana cin biskit a gaban allo biyu. Ban gaya mata maganar aure ba, na ce dai kiran bidiyo ne yake yankewa. Ta jero min tambayoyi, da safe yana yi lafiya? Da yamma yake tsayawa? Sanduna a cike? Duk na ce e. Da ta ji lambar benenmu sai ta yi dariya har ta ajiye biskit ɗin.

"Benen masu ƙaho," ta ce. "Ai daga titi wayata take jin ku."

Ta karɓi wayata ta saukar min da wata manhaja, ta ce idan na koma gida in buɗe a tsakiyar falo, zan ga kowane waifai ya fito kamar tudu. Ta yi min bayani cewa rauta tana da tashoshi kamar rediyo, kuma yawancinsu a tasha ɗaya suke fitowa daga shago. Idan biyu suna kusa da juna a tasha ɗaya, kuma aka matsa musu da aiki a lokaci ɗaya, to kamar mata biyu ne a ɗaki ɗaya kowace tana ƙwala wa ɗanta kira. Murya a cike take, amma ba wanda yake jin abin da aka ce. Ƙarin ƙaho kuwa ƙarin ihu ne kawai. Maganin shi ne a raba musu tasha, a rage musu ƙarfi, a nesanta su da juna. Ta ce za ta iya zuwa ta yi mana, amma sai Litinin, kuma sai masu gidajen biyu sun yarda, tunda kayansu ne ba na jami'a ba. Na tambaye ta idan mutum ba zai iya jiran Litinin ba fa. Ta kalle ni, da alama ta gane ba karatu ne ya kawo ni ba, ta ce to sai ɗaya ta yi shiru ɗaya ta yi magana.

Ina shiga gida na tsaya a gaban kantar Abba na buɗe manhajar. Ƙananan tuddai na sauran gidaje suna can gefe ba ruwansu da kowa. A tsakiya kuwa manya biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, kamar an kifa kwano a kan kwano. KU JI TSORON ALLAH da MU MA MUNA DA NAMU. Na daɗe ina kallonsu, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Washegari bayan la'asar, Abba yana aji, Umma tana kicin tana sauraron karatu a wayarta. Na saka doguwar rigata ruwan toka, na yafa mayafi babba don in yi kama da mai hankali, na fita a hankali na ƙwanƙwasa ƙofar da na fi shekara ban taɓa ba.

Anti ta buɗe, tabarau a goshi, ɗankwali a zame. "Auta? Uwarki ta san kin zo?"

Na ce a'a. Ta matsa min hanya.

Na manta cewa gidansu namu ne aka juya. Inda ƙofar kicin ɗinmu take dama, tasu tana hagu. Soket ɗin falonsu yana daidai bayan namu, don haka kantarsu tana jingine da bangon da tamu take jingine, kuma a kanta ga rauta mai ƙaho huɗu an shimfiɗa mata ɗan kyalle mai ado. Tsakaninta da ta Abba bai fi kaurin bulo ɗaya ba. Shekara guda suna zaune baya da baya suna yi wa juna ihu.

A kan kujera kuwa ga kwamfutar hannunta, hoton wani ɗan yaro ya daskare a kai, hannu ɗaya a sama, rabin fuskarsa ya narke. Jikanta ne, ɗan babban ɗanta da ke zaune a ƙasar waje. Ban tambaye ta ba ita ta fara. Ta ce kullum haka ake yi mata, da yaron ya fara sakin jiki da ita sai uwarsa ta kashe, ta fake da sabis. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ga sanduna nan a cike. Har ta daina yi wa ɗanta ƙorafi, don kada a ce ta saka wa matarsa ido, amma abin yana cin ta. Tana faɗa, ni kuwa maganar Abba ce sak nake ji a bakinta.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na nuna mata tuddan, na maimaita abin da Injiniya ta ce. Ta saurara, ta taɓe baki, ta ce ita ba ta yarda da zane-zane ba. Na ce to ta ba ni minti kaɗan, ta sake kira idan ta ji na buga bango. Na koma gida da sanɗa, na miƙa hannu bayan kantar na zare wayar rautar Abba daga soket, na buga bangon sau biyu. Daga kicin na ji Umma tana tambayar wa ya taɓa mata waifai, ban tsaya amsawa ba.

Da na koma wajen Anti na tarar da yaron yana rera waƙar makarantarsu, tun daga farko har ƙarshe, yana tafi yana juyi, hoton tas kamar yana tsakiyar falon. Anti ta dafe baki. Can uwar yaron ta leƙo, ta gaishe ta da ladabi, sannan ta ce cikin jin nauyi, "Mama, yau kin daɗe da mu. Mun ɗauka surutunsa ne yake gajiyar da ke kike kashewa."

Anti ta yi ta gyaɗa kai, hawaye yana bin gefen hancinta, ta ce Allah Ya yi musu albarka ya fi sau biyar.

Bayan an gama na gaya mata komai, tambayar Abba, bakin Likita da ya karkace, ɗan ƙawar Gwaggo, da Asabar. Mun gwada ko za mu canza tashar tata a take, amma ɗanta ne ya saka lambar sirrin da ya zo hutu, kuma shi kansa ya manta ta. Don haka na roƙe ta abu ɗaya, ta kashe rautarta ranar Asabar bayan la'asar. Fuskarta ta canza. Ta ce Asabar ce kaɗai ranar da ɗanta yake gida a wannan lokacin, sauran ranaku matar da yaron kawai take gani. Sannan ta cire tabarau ta goge.

"Shekarata nawa a laburare, ko fensir ban taɓa ɗauka ba," ta ce. "Uwarki ta rubuta min wa'azi a iska, duk benen nan ya karanta. Je ki, Auta, zan yi tunani."

Na fito ba tare da na san matsayina ba. Umma tana tsaye a falo da wayar rautar a hannu tana jirana. Na faɗa mata gaskiya, ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta mayar da wayar soket, ta koma ta ci gaba da ninke kayan wanki, sai can ta tambaye ni ko jikan Anti ya girma. Na ce har waƙa yake yi. Ta ce lokacin da aka haife shi ita ta raka Anti kasuwa sayen kayan da aka aika masa. Abba kuwa da na sake gwada yi masa bayani ranar Juma'a, ɗaga min hannu ya yi ya ce gobe ma rana ce, za a ga mai gaskiya.

Asabar ta zo. Tun azahar Gwaggo ta iso cikin leshi ruwan ƙwai da mayafin da ya dace da shi, ta zauna a kujerar da ta fi kallon teburin, ta ce ita shaida ta zo yi. Ni kuwa na canza kaya sau uku, na ƙare a rigar da na fara sakawa, shuɗiya mai ƙananan furanni, duk da na san ba ni za a kalla ba. Bayan kowane ɗan lokaci sai na shiga ɗaki na buɗe manhajar. Tudun Anti yana nan daram a kan namu. Aka yi la'asar, Abba ya dawo daga masallaci, ya zauna, ya ce in jingina kwamfutar. Na sake leƙa wayata ta ƙarƙashin mayafi. Yana nan. Na ce a raina shi ke nan, ta yi tunanin ta ga ba za ta iya ba, kuma ban isa in ga laifinta ba.

Ina cikin gyara kwalin tishun aka yi sallama.

Umma ce ta buɗe. Antin Laburare ce tsaye cikin doguwar riga koriya, ta sha ɗauri kamar mai zuwa taro, rautarta a hammata, ƙahonni huɗu sun leƙo ta gaban mayafi, wayar wutar tana jan ƙasa. Ta wuce Umma, ta gaida Abba, ta gaida Gwaggo, ta ajiye rautar a tsakiyar tebur kusa da kwamfutar.

"Na kawo ta da kanta ne," ta ce, "don kada a ce na kunna a ɓoye."

Umma ta tattara mayafinta ta matsa gefe a doguwar kujera, ta daɓa wajen da hannu. Anti ta zauna. Abba ya kalli rautar, ya kalli tasa a kan kantar, ya kalli bangon, ya ce in kira.

Likita ya fito cikin farar riga mai dogon hannu, ya yi aski, amma idonsa kamar wanda bai yi barci ba. Aka gaisa. Wannan karon Abba bai tsaya tambayar sanyin gari ba, kai tsaye ya ce, "Yaushe manyanka za su zo?"

Na zuba wa bakin Likita ido. Bakin ya motsa, ya ci gaba da motsi.

Ya ce duk ranar da Abba ya sa, kawunsa a shirye yake, tun watan jiya yake jiran a ce ya taso. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce yana neman afuwa idan akwai abin da ya faɗa ba daidai ba a amsoshinsa biyu na baya. Abba ya ce waɗanne amsoshi? Likita ya ɗago da mamaki. Ya ce ai duka karo biyun ya amsa. A na farko ya ba da amsa gajeriya, sai ya ga Abba ya haɗe gira ya zuba masa ido ko ƙiftawa ba ya yi, can aka kashe. Ya ɗauka gajartar amsar ce ta ɓata masa rai. Don haka a na biyu ya shirya dogon bayani, tun daga kakansa har aikin da zai kama idan ya dawo, ya yi ta zuba, Abba yana kallonsa da fuska ɗaya ba ko gyaɗa kai, aka sake kashewa.

"Na ɗauka ba ka karɓe ni ba ne, Abba," ya ce. "Kunya ta hana ni faɗa mata."

Anti ce ta fara, wata dariya ta kufce mata ta toshe da mayafi, Umma ta kama, har kafaɗunsu suna haɗuwa. Ni dai na jingina da bango, don ji na yi kamar an sauke min buhu daga ka, hawaye da dariya suka haɗe min. Abba ya yi gyaran murya har sau biyu, ya cire tabarau ya mayar. Ban taɓa jin Abbana ya ba yaro haƙuri ba sai ranar. Ya ce, "Ni ne da neman afuwa, ɗana. Ka ce wa kawun naka ƙarshen wata." Sannan ya ƙara da cewa dogon bayanin nan ma yana son ya ji shi, kada a yi asararsa.

Likita ya maimaita shi kaf, ba a yanke ko sau ɗaya ba. Gwaggo tana zaune tana kaɗa ƙafa, ina satar kallonta ina jiran abin da za ta ɓullo da shi. Da aka zo sallama sai ta miƙo wuya ta ce wa Abba a tambayi yaron, akuyarta ta kwana uku ba ta cin abinci sosai. Sai da suka yi kusan rabin awa a kan akuyar nan, har ta sa ni rubuta sunan magani.

Da aka gama Anti ta miƙe za ta ɗauki rautarta, ta ce wataƙila ta samu ɗanta kafin ya fita. Umma ta riƙe mata hannu ta ce ina za ta, ta kira shi a nan mana, ai tamu a kunne take. Na ɗauko mata kwamfutarta daga gidanta, ta buɗe jerin waifai, ta ɗora tabarau a hanci, ta karanta sunan namu a fili, a hankali, kamar tana karanta sunan littafi. Umma ta rufe fuska da tafin hannu ta ce, "Auta, don Allah a goge abin nan." Abba da kansa ya shiga ɗaki ya ɗauko lambar sirrin ya miƙo min. Ranar a falonmu jikan Anti ya sake rera waƙarsa, Umma tana yi masa tafi.

Litinin Injiniya ta zo kamar yadda ta yi alkawari. Ta kai tamu tashar farko, ta sake saita ta Anti da aka manta lambarta ta kai ta tashar ƙarshe, ta rage wa kowace ƙarfi, ta sa aka mayar da tamu kusa da ƙofar ɗakuna, ta Anti kuma can wajen teburin cin abinci. Abba ya bi ta da tambayoyi har bakin mota, ya dawo yana yi wa Umma bayanin tashoshi kamar shi ya ƙirƙiro su.

Da la'asar ta yi, na ji muryar jikan Anti tana tashi ta bango, na san tata a kunne take tana aiki. Na shiga ɗakina na rufe ƙofa na kira Likita. Ya fito tas, har ɗan tabon da ke gefen girarsa ina gani. Na tsokane shi da cewa ashe kakansa ma ya sha wahala a hannun rautar Abba. Ya yi dariya, sannan ya ce ba Abba kaɗai ya yi wa dogon bayani a banza ba. Akwai wata rana da ni ma na daskare masa, ya faɗa min wata magana da ya daɗe yana ajiye da ita, ban amsa ba, shi kuma bai sake samun ƙarfin maimaitawa ba.

Na ce to ga ni.

Ya faɗa. Wannan kam ku yi haƙuri, ba zan rubuta muku ita ba, tawa ce. Na dai tsinci kaina ina kallonsa, ban motsa ba, ban ƙifta ba, na kasa cewa komai. Na ga ya matso da fuskarsa jikin allon, ya fara taɓa wayarsa da damuwa.

"Ya sake yankewa ne?"

"Bai yanke ba," na ce. "Ina jin ka. Sake faɗa."